Yadda Za Ka Gyara Direban Kwamfutar Matarka Kafin Ta Dawo Daga Kitso

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Idan manhajar wasan ƙwallo ta sabunta kanta, hoto ya hargitse, kuma kwamfutar ta matarka ce, to ka zo gidan magani. Ni Abdulmalik na Soron Ɗinki na bi matakan nan ranar Asabar da ta wuce, kuma na yi maka alkawari, ɗari bisa ɗari, kwamfuta za ta gyaru.

Mataki na 1: Danna, kar ka karanta

Matata Na'ima da kwamfutar nan take zana katunan biki. Ranar akwai katin auren 'yar Hajiya Kande, maƙwabciyarmu, da za a kai wurin bugawa da la'asar. Tana fita kitso Jakara na buɗe wasan da na ɓoye a wata ma'ajiya da na raɗa wa suna "Takardun Ofis". Manhajar ta nemi afdet, wato sabuntawa, ta jero gargaɗi layi goma. Kai ma ka danna kawai. Karanta gargaɗi aikin matsorata ne.

Mataki na 2: Gane cutar, amma sama-sama

Saƙo zai fito cewa direban hoto ya daina aiki. Ba direban mota ba ne, ɗan tsarin nan ne da ke sa kwamfuta ta nuna hoto daidai. Za ka ga kan ɗan wasa a Dala, ƙafarsa a Goron Dutse. Wannan mai sauƙi ne. Ni da na leƙa katin Hajiya, sai na tarar ruwan gwal ɗin ya koma kalar miyar kuka, sunan amarya ya rabu gida uku. A nan zufa ta karyo mini.

Mataki na 3: Kashe, kunna

Sau bakwai na yi. Ka hura mata iska, ka ɗan bubbuga bayanta kamar rediyon kakanka. Masana sun tabbatar inji yana jin tsoron mai shi. Matsalar kawai, ba kai ne mai shi ba.

Mataki na 4: Kira gwani

Ka nemi abokin da bai taɓa gyara komai ba amma muryarsa ba ta rawa. Nawa Fa'izu ne.

"Tura ta cikin buhun shinkafa," in ji shi.

"Ba fa ruwa ta sha ba, Fa'izu."

"To ai rigakafi ne. In ka ƙi, sauke sabon direba. Sauke da yawa ma, wanda ya iya ya ja."

Na sauke uku daga wani shafi da ya fara taya ni murnar cin mota. Ina gama ɗora su sikirin ya yi baƙi ƙirin. Ka lura da nasarar: ba sauran hoto mai hargitsi, tunda ba sauran hoto.

Mataki na 5: Sallami mai kaya

Daidai lokacin Hajiya Kande za ta yi sallama a soro.

"Abdulmalik, katin ya fito kuwa? Dangin ango sun kira ni sau uku."

"Yana kan wuta, Hajiya."

"Kati ne ko tuwo?"

Ka yi dariya, ka tambayi lafiyar jikokinta ɗaya bayan ɗaya har ta gaji ta tafi.

Mataki na 6: Tarbi matarka da fara'a

Ka karɓi jakarta, ka yabi kitson, ka kawo ruwan sanyi. Kar dai ka haɗa ukun lokaci guda, kuskuren da na yi ke nan. Na'ima ta dubi kofin, ta dube ni.

"Abban Aminat, me ka fasa?"

Na ce zafin gari ne. Ta zauna, ta kunna kwamfutar ta wata hanya da take kira sef mod, ta cire direbobina uku, ta maido da tsohon. Minti biyar ba su cika ba ruwan gwal ya dawo. Ta tura katin, sannan ta juyo.

"Takardun ofis har giga tamanin? Kai da shagon turare gare ka a Kurmi?"

Na hau sosa ƙeya, ta ci gaba.

"Da katin nan ya salwanta, da wane ido zan kalli Hajiya? Mata nawa ta turo mini?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wallahi gara ta ɗaga. Ina tsaye ta goge wasan, tare da ƙungiyar da na shekara uku ina ginawa da kofunana goma sha ɗaya. Ta sa wa kwamfutar lambar sirri, ta shanye ruwan.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a baƙin sikirin, fushin maƙwabta, ko miyar da aka daina sa wa nama. Mai ƙorafi ya same ni a shago, kar ya turo ta kwamfuta, don har yau ban shiga ba. Na'ima ta ce lambar ranar aurenmu ce. Na gwada sau huɗu.