Ranar Da Na Tumɓuke Iyakar Gonar Baffa

In dai ina numfashi, ba zan taɓa mantawa da damunar da na zama ɗan hipi ba. Ina aji biyu a jami'a aka tafi dogon yajin aiki, na dawo gida Kano ba abin da nake yi sai kwanciya da danna waya. A nan na ci karo da labarin wasu matasan Turawa na shekarun baya, 'yan hipi, waɗanda suka ce sun gaji da rayuwar iyayensu ta ofis da tara abin duniya da yaƙe-yaƙe. Suka tara gashi, suka watsar da takalma, suka koma ƙauye suna noma tare, babu nawa babu naka. Kafin sati biyu na tabbata ni ma irinsu ne, haihuwa ce kawai ta yi kuskuren gari.

Na daina zuwa aski. Na rabar da takalmana (ɗaya na ɓoye a ƙarƙashin gado, don ko mai ƙin duniya yana zuwa masallacin Juma'a). Sannan na sanar da Umma cewa birni ya lalace, zan koma ƙauye wajen Baffa in rayu da gumina. Ta dube ni tun daga suma har faso, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida mutan gidan."

Baffa yayan mahaifina ne, manomi a wani ƙauye gaba da Gezawa. Gonakin wajen a manne suke da juna, ko taku ɗaya na ƙasa da mai shi. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, bai ce komai game da gashina ba, ya dai aiko mini da hula. Na ji daɗin zaman sosai: fura da nono da hantsi, iska mai daɗi, ga ƙamshin ƙasa bayan ruwa.

Matsalar ita ce bakina. Kullum bayan la'asar sai in je gindin darbejiyar da dattawa ke zama, in buɗe musu karatu. Ni da ban taɓa shuka ko albasa a gwangwani ba, ni ne mai bayanin yadda takin zamani ke kashe ƙasa. Wata rana abin ya ɗebe ni, na ce, "Ai duk rigimar duniyar nan iyaka ce ta kawo ta. Ƙasa ta Allah ce. Da za a share iyakoki a yi noma tare, da an huta." Malam Hudu, maƙwabcin gonar Baffa kuma abokin cin tuwonsa na shekara da shekaru, ya daɗe yana kallona, ya ce, "To, madalla." Ni kuwa na ɗauka na samu mabiyi na farko.

Ranar kasuwa Baffa zai kai akuya Gezawa, sai ya ba ni fartanya ya ce in nome ciyawa a ƙarshen gona ta gabas (daga baya na gane ya zaɓi wajen ne don yana ganin can ne ba zan yi ɓarna ba). Ina zuwa na tarar da wata ciyawa mai taurin kai, curi-curi, ta jeru tun daga bakin hanya har gindin wata ɗorawa. Na yi mamakin sakacin mutanen ƙauye. Na tuɓe riga na dira mata. Saiwarta kamar an dasa da siminti, amma ban saurara ba sai da na tumɓuke ta kaf, na tara a gefe, na baje ƙasar ta yi sumul. Hannuna duk ya yi bororo, zuciyata kuwa fes. Har tsayawa na yi ina sha'awar yadda geron ya shimfiɗu ba abin da ya raba shi.

Ashe gamba ce. Ita ake dasawa a kan iyakar gonaki, in ta girma a yanke ta a yi zana. Wannan kuwa kakana da mahaifin Malam Hudu ne suka dasa ta, bayan wata rigimar gona da ta hana gidajen biyu gaisawa tsawon shekaru.

Washegari da safe aka aiko mai unguwa yana kiran Baffa, kuma a zo da ni. Muka tarar da ƙofar gidan cike da mutane. Malam Hudu yana tsaye, shi ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, a gaban jama'a yaron nan ya ce a share iyakoki. Kwana uku ba a yi ba aka share tawa. Yaro ba ya yin wannan shi kaɗai. An ɗauko ɗan boko daga birni ne don a haɗiye mini gona."

Baffa ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya haura sittin ba a taɓa kiransa gaban mai unguwa ba, yau ga shi ana masa kallon mai cin iyaka, laifin da a ƙauyen nan har jikoki ake goranta wa. Ya ce a hankali, "Hudu, ni za ka faɗa wa haka?" Malam Hudu ya kawar da kai.

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Kai, samari. Kai ka cire?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka? Ko aƙidar taka ce ka fara aiwatarwa?"

Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta raya mini in ce aƙida ce. Da na fito a jarumi mai faɗa da cikawa, maimakon sakarai. Amma da na dubi Baffa, na san in na faɗi haka ba mai yarda cewa ba da saninsa ba ne.

Na ce, "Wallahi ba wanda ya sa ni. Na ɗauka ciyawa ce."

"Me ka ce? Ɗaga murya."

"Na ɗauka ciyawa ce! Ban san gamba ba!"

Malam Hudu ya matso yana leƙen fuskata.

"Tsaya, ɗan nan. Kai da kake koya mana noma kullum, ba ka san gamba ba? To zanar da kake wanka a bayanta, da me kake tsammanin aka yi ta?"

Na ce ban taɓa tambaya ba.

Wani tsoho ne ya fara ƙyalƙyalewa, sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya. Mai unguwa ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na girgiza. Har matan da ke cikin gida na ji suna shewa. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Malam Hudu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya kama hannun Baffa ya ce, "Yafe mini, Malam. Ashe ba mugunta ba ce, jahilci ne tsantsa." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Hukuncina shi ne in mayar da abin da na cire. Allah ya taimake ni gambar ba ta mutu ba, kuma ƙasar da na tona ba ta gama daskarewa ba, ana gane gurbin kowace. Kwana biyu na yi a durƙushe ina dasawa, Baffa da Malam Hudu suna zaune a inuwar ɗorawa suna shan fura a ƙwarya ɗaya, suna nuna mini da sanda: "Matsa hagu kaɗan, malamin gona."

Har yanzu ina ganin duniya na bukatar gyara, ban janye ba. Sai dai yanzu duk abin da na tarar a tsaye, ko da ciyawa ce, sai na yi sallama na tambayi wanda ya dasa ta kafin in ɗaga fartanya.