Gadar Mega a Ƙofar Shagona

Jama'a, yau da safe na faɗa kwata. Ba ƙafa ɗaya ba, ni ɗungurungum, har da jakar kayan aski, a ƙofar shagona.

Shekara da shekaru wani katako ne a kan kwatar nan, ta kansa masu zuwa aski ke tsallakowa wurina. Sai ga Mai Girma, Allah ya ƙara wa kujerarsa faɗi, da jerin motoci. Ya ce zai yi mana gada, wai kuma mega ce.

Ni boko bai zauna mini ba, sai na leƙa wurin maƙwabcina mai kemis.

"Likita, mece ce mega?"

"Babba ce ƙwarai, Baba."

"To su ce babba mana."

"Ai babba ta talakawa ce. Manya suna da mega, suna da jambo, suna da jayan. In abin ya wuce hankali su ce sufa-mega."

"Wacce ta fi wacce?"

"Ya danganta da yawan 'yan jaridar da suka zo."

Mu da muke da ƙato, da tafkeke, da shirgege, da gingimeme, ban san me ya kai su aro ba. Amma ko da wane suna, ni dai gada nake so.

Washegari ma'aikata suka kafa allon ƙarfe mai faɗin bangon shagona, da hoton Mai Girma yana murmushi, kowane haƙori kamar tafin hannuna. Mai ɗaukar hoto ya dubi katakonmu ya yamutsa fuska, ya ce aikin mega ba ya zama kusa da irin wannan. Suka jefa shi a mota suka tafi. Tun daga ranar ko cokalin yashi ba mu gani ba.

Masu zuwa aski sukan tsaya a tsallake su ɗago mini hannu, su wuce wurin wani. Gashin unguwa kaf yana tafiya a kan idona. Shago ya kama hanyar mutuwa, ni kuma kullum da tsalle nake shiga, da furfurata. Yau ƙafa ta ce ta gaji.

Mai waldan unguwarmu ne ya jawo ni daga kwatar, yana toshe hanci. Ya ɗaga kai, ya ƙwanƙwasa allon.

"Baba, wannan ƙarfen fa da kauri."

Ya yanke ƙafafun allon, muka taru muka shimfiɗa shi a kan kwatar. Ya zauna daram, har baro yana wucewa. Kafin rana ta take, benci ya cika da kawuna.

Gardama ɗaya aka yi: fuskar Mai Girma sama ko ƙasa? Likita ya ce sama. Na ce haba, mu tattaka babban mutum? Muka kifa shi, don girmamawa. Yanzu dai babu wanda zai ce bai duba matsalarmu da idonsa ba.