Roƙon Ruwa a Ƙofar Mai Makulli

Jiya da hantsi na tsinci kaina a bakin titin Bunkure da riga a baibai, aljihu na lilo a waje. Kada ku yi dariya, maƙwabcina Dalhatu ne ya jawo mini.

Tumatirinsa ya fara fure, gonarsa kuwa can ƙarshen kanal ɗin ban-ruwa take, inda ruwa ba ya isowa sai na sama sun ƙoshi. Kwana da kwanaki ko ɗigo babu. In furen nan ya zube, noman ranin bana ya tafi ke nan.

Ba irin roƙon da ba mu yi wa jami'in da ke sako ruwan ba, wato Mai Girma Sarkin Makullin Ruwa, Allah ya ƙara masa sanyin ofis. Mun yi na durƙuso, mun yi na waya. Ɗanbaba da ya taɓa boko har na Turanci ya gwada, yana ta "ai beg, sa", ko kallo bai samu ba.

Shi ne Dalhatu ya ce, "Maƙwabci, saura roƙon ruwa irin na lokacin fari. Mu juya riguna."

"Mutum za mu roƙa haka? Ka ji tsoron Allah!"

"Allah za mu roƙa mana. Amma a ƙofar ofishinsa, ko kunya ta kama shi."

Muka jeru, liman ya ɗaga hannu. Sai ga yallaɓai ya fito, ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda, ya juya ta, ya kutsa sahun gaba. Jama'a, ban taɓa jin amin mai kauri irin tasa ba. Da mai hoto ya matso har hawaye ya share. Na Dalhatu kuwa na gaske ne, ya ba ni tausayi.

Ana shafawa Dalhatu ya matsa. "Ranka ya daɗe, to ruwan fa?"

"Haba Malam Dalhatu, yanzu fa muka roƙa. Gaggawar me kake?" Sai ya dafa shi, ya rage murya. "Ni ma roƙo ɗaya gare ni. In tumatir ya nuna, kar a manta da uwargida. Kwando ɗaya ya isa."

Da yamma na bi ta gonar. Kanal a bushe ƙamas, fure na zuba, Dalhatu ya yi tagumi.

"Maƙwabci, in na sayo kwandon a kasuwar Kwanar Gafan na kai masa, kana ganin zai gane ba nawa ba ne?"

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Yallaɓai ko hanyar gonar bai sani ba.