Yadda Za Ki Shiga Biki a Muharrak da Lu'ulu'un Kiwo, Ki Ce Gadon Kakanki Ne

"Moza, kin zubar mana da mutunci, kuma har kina da bakin koya wa wasu?" in ji yayata Hessa. Na ce, "Yaya, wanda ya faɗa rijiya ai shi ya san zurfinta." Ke dai mai karatu, ki bi matakan nan, na yi miki alkawari surukan jikarki za su tashi tsaye in kin shigo.

Mataki na ɗaya: Samo sarƙar. Ki aiki ɗanki ya sayo a waje, tunda a garinmu Muharrak, garin masu nutson lu'ulu'u, ba a yarda da na kiwo ba, wanda mutum ke cusa wa kumba ƙwaya ta yi masa ƙwadago. Ki ce ya zaɓo karkatattu. Na Allah ba ya zuwa kai ɗaya. Nawa ɗan, Jasim, mai son gwaninta, ya kwaso masu kama da 'yan biyu, har sittin.

Mataki na biyu: Ƙera kaka. Ki ce shi ya nutso ya ɗebo su da numfashi guda. In akwai tsohuwar da ta san cewa mai dafa shinkafa ne a jirgi, ki cika mata baki da halwa, alewar garinmu.

Mataki na uku: Turare kafin sarƙa. Turare na kashe hasken lu'ulu'u. In kin manta ya dushe, ki ce tsufa ne. Abin gado ba ya rawar kai.

Mataki na huɗu: Gwajin haƙori. Uwar angon jikata, Sabika, 'yar dillalin lu'ulu'u ce, sai ta goga a haƙori ta ji ko da kaushi. Kada ki tsorata, na kiwo ma yana da shi. Balle ita haƙoran nata ma na kiwo ne.

Mataki na biyar: Ki sa a ƙulla zaren tsakanin kowace ƙwaya. Wannan ne na tsallake. Sabika ta ce, "Uwar Jasim, miƙo in sa albarka." Ta kai baki ta goga, zare ya maƙale a haƙorin roba, ta fizga, ya tsinke. Na teku da sun ɗan gangara sun tsaya. Nawa kuwa suka miƙe ɗoɗar, suka wuce mai zuba gahawa, har zauren maza.

Sabika ta mai da haƙoranta ta ce, "Masha Allah! Kakanki a wace masana'anta ya yi nutso?"

Auren dai yana nan, amma yanzu a bakin ƙofa ake shimfiɗa mana.

Abin da ya same ki, babu ruwana, in an tambaye ni ban san ki ba, ban ma iya rubutu ba. Hessa ta ji na karanta wannan, ta suri mayafinta ta ce, "Sarƙar tawa ta gaske da kika ƙi ara fa?" Na ce, "Taki ai ƙanana ne, Yaya." Ta bugo ƙofa garam, wata ƙwayar lu'ulu'una ta gangaro daga ƙarƙashin kujera ta bi bayanta.