Tulun da Kaka Ta Liƙe

A wani daji da ke tsakanin tafki da gonakin mutane, an yi wata bushiya mai suna Lantana. Yanzu ta tsufa, ƙayoyinta sun yi furfura, jikoki sun cika mata gida. Amma duk sa'ad da aka tayar da zancen girki, ba ta maganar babban madafin da take da shi a yau. Hankalinta yakan koma wani ɗan kogo a gindin tsamiya, inda ta fara ɗora tukunyar kanta.

Ba wani abin a zo a gani ba ne a kogon. Duwatsun murhu uku ne, ɗaya ma ya fi sauran gajarta, sai ta riƙa tokare shi da tsingaro. Sai tukunya mai ɓallin baki, da faifai, da ludayi, da tulu ɗaya. Abin da za ta dafa kuwa kala ta yi bayan mutane sun kwashe amfanin gona: gero kamar tiya biyu, wake tiya ɗaya da ɗan ɗori. Kuka ita ta tsinko ta shanya a inuwa ta daka. Kuɓewa ta yanka ta busar. Gishiri da kanwa da daddawa ne kawai ta je kasuwa ta samo, ta ba da ƙwaryar tsamiya a madadinsu.

Kwana uku da tarewarta kakarta Ladingo ta zo ganin ɗaki, tana dogara sanda tana haki. Ta tsaya a bakin kogon ta ƙare wa kayan kallo.

"Ja'ira, wa ya ce miki a ajiye gishiri a ƙasa? Ko so kike ki wayi gari da ruwan gishiri? Rataye shi can sama inda hayaƙi ke bi."

"Kaka, daga zuwa ko gaisawa ba mu yi ba?"

"Mun gaisa tun ranar da aka haife ki. Miƙo min waken nan."

Tsohuwa ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza da sauran haƙorinta, ta girgiza kai. Sai da aka ƙara shanya waken kwana biyu, ya zama in an ciza yana cewa ƙas, sannan ta yarda. Ta sa Lantana ta tankaɗe tokar murhu wadda ta huce, suka cuɗa waken da ita, suka zuba a tulu, suka ƙara toka a sama har wuya. Kaka ta kwaɓa laka ta liƙe bakin tulun, ta danna da tafin hannunta. Sawun yatsunta ya fito raɗau a jikin lakar.

Ta ce, "Gero ki ci a hankali, kuka da kuɓewa su raka shi. Wannan kuwa kada ki taɓa shi sai kin ga damina ta yi nisa, ciyawa ta yi kore, ciki kuma babu komai. Don tuwon gobe ake wanke tukunya."

"To, in na ji kwaɗayin wake kafin nan fa?"

"Ki zo gidana ki roƙa in hana ki."

Ba ta samu ta je roƙon ba. Kafin rani ya raba, Kaka Ladingo ta rasu.

A cikin wannan ranin ne majalisar daji ta zauna a ƙarƙashin wani gawo. Shugabanta Gauraka ne, tsuntsu mai tuntu da murya, wanda ya yi tafiye-tafiye, kuma ba ya bari a manta da haka. Ya miƙe wuya ya ce:

"Jama'a, na zaga ƙasashe, ban ga inda ake ajiyar abinci irin tamu ba. Kowa da ɗan tulunsa, kowa da 'yar tokarsa, baƙo ya shigo gidanka ya fita hanci fari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga yau za a gina rumbu ɗaya na kowa da kowa. Duk mai hatsi ko wake ya kawo, a riƙa ba kowa abin da zai ci na mako, sauran ya jira damina. Za a zuba shi tsaf, a wanke, babu toka babu ƙazanta, yadda in manyan baƙi suka zo za mu buɗe mu nuna ba tare da jin kunya ba. Wanda aka kama da ajiya a ɓoye, ya ci amanar daji, kuma a bakin ajiyarsa."

Aka yi tafi. Waɗanda suka fi kowa tafi su ne waɗanda ba su ajiye komai ba a bana. Aka naɗa Gafiya ma'aji. Wasu suka yi gunaguni, amma aka ce musu wanda ya san hanyar ɓarawo shi ya fi dacewa da gadi.

Lantana ba ta yi gardama ba. Ta kai geronta, ta koma ɗauko tulu. Da ta sunkuya ta ga sawun hannun nan a jikin laka, sai ta kasa. A can za a fasa lakar a zubar, a wanke waken. Ita ba tunanin ƙwari ta yi ba, ba ta kuma fi majalisa hangen nesa ba. Abin da ya rage mata na tsohuwar ke nan, yatsu biyar a busasshiyar laka. Ta tona rami a bayan murhu ta binne tulun, ta ɗora itace a kai.

Rumbu ya yi kyau, wannan babu mai musu. An shafe shi da farar ƙasa, an yi masa zane a ƙofa. Kowace Laraba 'yan majalisa sukan zo duba shi. Su zagaya shi sau ɗaya, su ƙwanƙwasa bango, su yaba zanen, su tafi. Idan baƙi suka zo daga wani dajin, sai Gafiya ya buɗe murfi a leƙa a ga farin wake yana sheƙi. Daga sama ake ɗibar rabon mako, ƙasa kuwa ba wanda ya taɓa tonawa.

Da damina ta kankama, rabon mako ya fara zuwa da wani irin wari. Ranar da aka cinye na sama, Gafiya ya zura ƙwarya ya ɗebo gari da ɓawo, ƙananan ƙwari baƙaƙe suna yawo a ciki cikin nishaɗi. Aka fasa gindin rumbun, har ƙasa haka yake. Aka binciki gidan Gafiya ba a sami ƙwaya ɗaya ba. Wannan ya fi komai ɓata wa jama'a rai, domin da sata ce da an sami wanda za a zaga.

Yunwa ta shiga daji. Saura wata biyu sabon hatsi ya nuna. Lantana ta koma miyar kuka ba tuwo, tana sha tana kallon tarin itacen da ke bayan murhu. Ta auna a zuci: in ita kaɗai ce, ɗan kaɗan kullum, waken zai kai ta lokacin kaka.

Wata safiya maƙwabciyarta Hajo, makwarwa mai 'ya'ya shida, ta yi sallama.

"Lanti, ko kina da ɗan ƙanzo? Ba don ni ba."

"Wallahi Yaya Hajo, rabona da tuwo kwana tara."

"Na sani, na dai tambaya ne don bakina ya yi motsi." Ta yi ɗan murmushi. "Autan nan ya daina kuka tun jiya. Da ina cewa Allah ya kawo ranar da zai yi min shiru. Ga ta kuwa ta zo."

Ta tafi. Lantana ta zauna a gaban murhu har rana ta take. Abin da ta faɗa wa Hajo gaskiya ne, amma gaskiyar ta yi mata kama da ƙarya. In ta dafa wa yaran, ƙanshin wake ba ya ɓuya, majalisa za ta ƙwace tulun, ita da su duka su rasa. In ta yi shiru tana cin ɗanye a ɓoye, za ta rayu, autan Hajo kuwa sai yadda Allah ya yi. Ga kuma wata tambaya da ta fi waɗannan ci mata rai: doka ta karya, da kowa ya karya irin tata da ba a shiga wannan hali ba, to ita mai laifi ce ko mai gaskiya? Kuma in gaskiyar ce, ai ba da saninta ta same ta ba.

Ba ta warware ko ɗaya ba. Ta dai tashi ta kwashe itacen, ta tono tulun. Ta daɗe tana lallaɓa lakar da tsinke don sawun hannun ya fita gaba ɗaya, amma ya tsage biyu. Ta kife tulun a faifai ta bushe tokar. Wake ya fito fes, babu huda ko ɗaya, kamar jiya Kaka ta ciza shi.

Ta raba biyu. Rabi ta zuba a ƙwarya ta rufe da ganye ta kai wa Hajo ta ce, "Ki binne a ƙarƙashin sheƙa, kada ki tambaye ni." Ta dawo ta ɗora tukunya, ta jefa 'yar kanwa da daddawa, ta kira yaran. Autan ya ci cokali uku, ya fara kuka. Hajo ta ce ba ta taɓa jin murya mai daɗi haka ba.

Kafin tukunya ta huce, Gafiya yana bakin ƙofa yana shinshina.

"Sannu da aiki, Lantana. Ni dai hancina ne ya kawo ni. In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Aka kai ta gindin gawo da tulunta da sauran waken. Gauraka ya rame, tuntunsa ya kwanta, amma muryar tana nan.

"Lantana, kin san doka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To, wa ya sanar da ke cewa rumbu zai lalace, har kika ɓoye naki kika bar jama'a?"

"Ba wanda ya sanar da ni. Kakata ce ta liƙe shi, na kasa fasawa."

"A rubuta ta ƙi faɗin wanda ya sanar da ita." Ya juya ga taro. "Jama'a, kun ga irin abin da ya kayar da rumbunmu. Tsari ba shi da laifi, rashin haɗin kai ne. Da kowa ya kawo nasa da zuciya ɗaya, da albarka ta shiga. Majalisa ba ta zalunci, saboda haka ba za a yanke hukunci ba sai an tabbatar abin da ke cikin tulun nan wake ne. Za a riƙe shi a matsayin shaida."

Kwana huɗu majalisa ta yi tana bincike, ana ganin hayaƙi yana tashi a bayan gawo. A rana ta biyar aka tabbatar wake ne. Aka sami Lantana da laifi, aka ƙwace tulun, aka kife shi a ƙofar majalisa don ya zama izina.

Rabin da ke ƙarƙashin sheƙar Hajo shi ya riƙe su, ita da makwarwa da yara shida, ƙwaya-ƙwaya da ganyen tafasa, har gero ya nuna. Ba a rasa kowa a cikinsu ba. A wasu gidajen an rasa.

Da kaka ta yi, majalisa ta sake zama. Gauraka ya ba da sanarwa cewa bayan dogon nazari ya gano wata sabuwar dabara ta adana wake, wato toka. Don kada jahilai su yi amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba, aka hana kowa tara tokar murhunsa, sai dai a kai wa ma'aji. Aka gina sabon rumbu da ya fi na da girma. Da aka zo zuba wake aka ga toka za ta ɓata masa kyau in baƙi suka leƙa, sai aka daidaita a kan a riƙa barbaɗa ta a bakin ƙofa, inda kowa zai gani.

Lantana tana da ɓallin lakar nan guda biyu har yau, a ɗaure cikin ganye, a rataye inda hayaƙi ke bi, kusa da gishiri. Jikokinta sukan ce, "Kaka, me ake dafawa da wannan?" Sai ta ce musu ja'irai, su tashi su tankaɗe mata abin da ke cikin murhu, kuma su rufe ƙofa tukuna. In suka tambaye ta ko daidai ta yi a waccan shekarar, takan ce wake dai ya yi daɗi.

Majalisa kuwa duk shekara tana zama a kan batun rumbu, kuma babu wanda ba a kira ya ba da bahasi ba a dajin nan, in ban da ƙwarin wake. An ce su a yi musu uzuri, aiki ya yi musu yawa.