Waƙar Surukata ta Ƙarshe

Da safen ranar da za mu binne surukata a Zonkwa, na buɗe kwamfuta in shirya waƙarta. Ita kaɗai ce muke da ita da muryarta, an ɗauka da tsohuwar waya a taron zumuntar mata. Sai kwamfutar ta nuna mini cewa an fitar da sabuwar manhajar karanta sauti, ko zan yi ofdet, wato in sabunta ta?

Matata ta ce, "Baban Yakubu, jiya ta yi daidai. Bar ta haka."

Na ce shekara nawa ina koyar da kwamfuta a Kafanchan, yau za a koya mini? Na danna. Ko gwadawa ban yi ba, don a ganina gwaji na masu shakka ne.

A coci fasto ya ce a yi shiru, Mama za ta yi mana waƙa ta ƙarshe. Na kunna. Sabuwar manhajar ta ja waƙar da gudu, muryar Mama ta fito daga lasifika siririya kamar ta ɗan tsakon da aka taka. Wani a baya ya tuntsire da dariya, ta bi benci benci har wurin dattawa. Matata kaɗai ce ba ta yi ba, kallona kawai take.

Daga baya na gyara, amma ba a binne mutum sau biyu. Har yau in na shiga gidan surukaina, ƙannen matata sai su matse murya su ce, "Sannu da zuwa, Malam Ofdet." Matata kuwa ko rediyo ba ta bari in taɓa.