Ranar da Dokta Kalilu Ya Tashi Tsallake Teku

"Ni fa jikina roba ne," in ji Kalilu. "Ko maciji sai ya zo wurina ɗaukar darasi."

Ka san Kalilu kuwa? Ɗalibin digiri na uku ne a Setapak, can ƙasar waje inda muke karatu. Babi na biyu na kundin bincikensa ya gagare shi, amma in ba ka ce masa Dokta ba, sallamarka ta bi iska. Lokacin kullen korona yana neman shugabancin ƙungiyar ɗalibanmu, sai ya yi shelar zai koya mana motsa jiki ta Zoom.

Iliminsa kuwa duk na leƙe ne. Maƙwabcinsa, wani dattijo Ba'indiye mai suna Selvam, kan yi motsa jikin yoga a baranda. Rannan Kalilu ya hango shi a ƙasa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kamar buɗaɗɗen almakashi.

"Uncle, wannan fa?"

"Zaman Hanuman ke nan," in ji dattijon ta bayan takunkumi. "A addininmu biri ne mai tsarki, wanda ya tsallake teku da taku ɗaya don nemo matar ubangidansa da aka sace. Ma'anarsa, ƙarfi na zuwa ne in ka ajiye girman kai ka yi abu don wani. A hankali ake koyo."

Gogan naka teku kawai ya ji.

Ran taro fuskoki suka cika allo. Sarkin cika baki ya tsuke cikin gajeren wando, tumbi na gaisawa da jama'a.

"Ku buɗe ido, yau za ku ga yadda ake tsallake teku!"

Ya ware ƙafafu a kan tayil, ga safa a ƙafa. Suuu, sai ƙasa. Wando ya ce ɓarrr!

"Wayyo Inna! Najiba, kashe kyamara!"

Matarsa ta rugo daga kicin da ludayi, ta danna abin da hannunta ya samu, ta dawo kansa.

"Baban Hisham, tashi mana!"

"Da ina iya tashi zan kira ki?"

Ta ja hannu, ya kurma ihu. Ta ja ƙafa, ya fara wasiyya. Dole ta ƙwanƙwasa wa Selvam. Dattijo ya tsaya daga bakin ƙofa saboda dokar tazara, yana jinjina kai.

"Uncle, don Allah, yaya ake tashi?" in ji Kalilu daga ƙasa.

"Wanda ya sauka da kansa shi ke tashi da kansa. Kai zubowa ka yi, sai dai a kwashe."

Sai ga muryar Hajjo, abokiyar takararsa, tar daga kwamfuta: "Dokta, muna kallo fa. Mu ma mu fara, ko mu jira a gama kwashe ka?"